Sharhi: Me ya sa ake yawan janye garin kayan yaji daga kasuwannin duniya?

Da wuya shekara ta zagayo ba a ji hukumomin kula da ingancin abinci a Amurka ko Kanada ko Turai sun bayar da sanarwar janye wani garin kayan yaji daga kantuna ba, bisa fargabar cewa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta.

A mafi yawan lokuta ƙwayar cutar da ake ambatawa ita ce salmonela, wadda ke haddasa gudawa da zazzaɓi da murɗawar ciki.

A watan Yulin 2021, alal misali, kamfanin McCormick, wanda ke kan gaba a cinikin kayan ƙamshin girki a duniya, ya janye nau'i uku na kayayyakinsa da ya riga ya aika jihohi 32 na Amurka da kuma Kanada da tsibirin Bermuda. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ita ce ta ankarar da kamfanin bayan wani gwaji da ta saba gudanarwa. A lokacin dai kamfanin ya ce babu rahoton wanda ya kamu da rashin lafiya.

Shekaru biyu kafin nan, a watan Satumban 2019, an kwashe wani haɗin garin miya na kamfanin MDH na Indiya daga kantunan arewacin jihar Kalifoniya saboda wannan dalili.

Ga mai karatu a Kano ko Damagaram, lamarin na iya zama da ɗaure kai. An saba jin ana kaffa-kaffa da nama da ƙwai da madara, waɗanda ke lalacewa cikin kwana guda. To amma yaya busasshen gari, wanda uwargida kan ajiye a gwangwani wata da watanni ba tare da ya yi tsami ko ya canza launi ba, zai zama abin tsoro?

Darasin Jamus da na Amurka

Wasu abubuwa biyu da suka faru ne suka sauya yadda masana ke kallon kayan yaji.

Na farko ya auku ne a Jamus a shekarar 1993, lokacin da mutane kimanin dubu ɗaya, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekaru 14, suka kamu da cutar salmonela. Bincike ya kai ga wani soyayyen dankalin Turawa na leda da aka barbaɗa wa garin tattasai, wanda aka shigo da shi daga Kudancin Amurka.

Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne ƙarancin ƙwayoyin cutar da ke cikin abincin. Sun ƙiyasta cewa ƙwayoyi huɗu zuwa 45 kacal sun isa su kwantar da mutum, alhali a da an ɗauka sai sun kai dubbai.

Na biyu kuma ya faru ne a Amurka daga watan Yulin 2009 zuwa Afrilun 2010, inda aka tabbatar mutane 272 sun kamu da nau'i ɗaya na cutar a jihohi 44 da kuma birnin Washington.

An shafe watanni jami'an lafiya na lalube cikin duhu, domin marasa lafiyar ba sa iya tuna duk abin da suka ci. Sai da aka nemi izinin wasunsu aka duba katin sayayyarsu na wani babban kanti, wanda ke adana bayanin duk abin da mutum ya saya, sannan aka ga cewa kaya ɗaya ne ya haɗa su: wani busasshen naman alade da ake kira salami, na kamfanin Daniele da ke jihar Rhode Island.

A watan Janairun 2010 kamfanin ya janye fiye da tan 500 na naman. Sai dai ƙarin bincike ya nuna cewa matsalar ta fito ne daga baƙin masoro da jan barkonon da aka mulke naman da su bayan an gama sarrafa shi. An kuma bi sawun kayan yajin har zuwa Vietnam da Indiya da Sin.

Wannan ya tilasta wa kamfanonin da suka shigo da barkonon janye shi daga hannun sauran masu sarrafa abincin da suka saya, abin da ya nuna yadda buhu ɗaya na gurɓataccen gari kan iya bazuwa cikin abinci iri-iri da ba su da alaƙa da juna.

Ta ina ƙwayar cutar ke shiga?

Mazaunin salmonela shi ne hanjin dabbobi da tsuntsaye da dangin ƙadangare, kuma ta hanyar kashinsu take yaɗuwa.

Yawancin kayan yajin duniya ƙananan manoma ne ke noma su a ƙasashe masu zafi. Bayan girbi akan shanya su a rana na tsawon kwanaki, sau da yawa a ƙasa ko a kan tabarma, inda kaji ke kiwo, tsuntsaye ke sauka, ɓeraye kuma ke bi da dare.

Daga nan 'yan kasuwa kan bi ƙauyuka suna saye kaɗan-kaɗan, su haɗa na manoma ɗari a wuri guda. Idan na mutum ɗaya ya gurɓata, to niƙa zai gauraya shi da na sauran. Shi kansa injin niƙan, idan ba a tsaftace shi ba, zai ci gaba da shafa wa duk kayan da suka biyo baya.

Bushewa ba ta kashe salmonela. Ƙwayar ba ta iya hayayyafa a busasshen gari, amma takan yi likimo ta rayu tsawon watanni, wani lokaci ma shekaru. Da zarar garin ya shiga abinci mai danshi aka kuma bar shi a wuri mai ɗumi, sai ta farfaɗo ta fara ninkawa. Bincike ya kuma nuna cewa ta fi jure zafi a busasshen abu fiye da yadda take yi a cikin ruwa.

Shi ma zafin barkono, wanda mutane da dama ke ganin babu cutar da za ta zauna a cikinsa, ba ya hana ta rayuwa. Gaskiya ne cewa kanumfari da kirfa da tafarnuwa na da sinadaran da ke daƙile wasu ƙwayoyin cuta, amma hakan bai kai a dogara da shi a matsayin kariya ba.

Abin da ke ceton yawancin jama'a shi ne tukunya. Yajin da aka zuba a miya ta tafasa sosai ba ya barin salmonela da rai. Haɗarin na ga wanda ake barbaɗawa bayan an sauke abinci, ko wanda ake sa wa abin da ba za a sake dafawa ba, kamar yadda ya faru a Jamus da Amurka.

Akwai kuma wani rukunin ƙwayoyin cutar, dangin basilus, da ke zuwa daga ƙasa, waɗanda kan lulluɓe kansu cikin wani ƙwanso mai jure tafasa. Su kan yi ɓarna ne idan aka dafa abinci mai yawa aka bar shi sa'o'i da dama yana hucewa, kamar yadda akan yi a wuraren biki da makarantun kwana.

Abin da alƙaluma suka nuna

Bayan annobar 2010, hukumar FDA ta gudanar da wani nazari mai faɗi, wanda ta wallafa daftarinsa a watan Oktoban 2013.

Nazarin ya gano cewa kusan kashi 7 cikin ɗari na kayan yajin da aka gwada a kan iyakokin Amurka tsakanin 2007 da 2009 na ɗauke da salmonela, wato ninki biyu na abin da ake samu a sauran kayan abincin da ake shigarwa ƙasar. Kimanin kashi 12 cikin ɗari kuma an same su da ƙazanta irin su gaɓoɓin ƙwari da gashin ɓera.

Kayan da suka fito daga Meziko ne suka fi yawan gurɓata, da kusan kashi 14 cikin ɗari, sai na Indiya da kusan kashi 9. Riɗi da garin kori na daga cikin waɗanda aka fi samu da matsalar.

Rahoton ya kuma lissafa ɓarkewar cuta sau 14 da aka danganta da kayan yaji a duniya daga 1973 zuwa 2010, inda mutane kusan dubu biyu suka kamu, biyu suka rasu.

Wasu na iya cewa wannan adadi bai taka kara ya karya ba cikin kusan shekaru arba'in. Hukumar da kanta ta ce alƙaluman sun gaza ainihin abin da ke faruwa, saboda da wuya wanda ya kamu da gudawa ya je asibiti, kuma ko ya je, zai tuna ya ci kaza ko ƙwai amma ba zai tuna da ɗan barkonon da aka barbaɗa a kai ba. Ga shi kuma alamun cutar kan ɗauki daga sa'o'i shida har zuwa kwanaki shida kafin su bayyana.

A 2017 hukumar ta fitar da ƙarin bayani mai kwantar da hankali: a kayan yajin da aka gwada a kantunan Amurka, waɗanda aka samu da salmonela ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Dalili kuwa shi ne yawancin kamfanoni kan kashe ƙwayoyin cutar bayan kayan sun shiga ƙasar, kafin a ƙulla su a kai kasuwa.

An gudu ba a tsira ba

Hanyoyi uku ne aka fi amfani da su wajen wannan aiki, kuma kowace na da nata cikas.

Ta farko ita ce turara kayan da tururi mai tsananin zafi. Babu wanda ke jayayya da ingancinta ga lafiya, sai dai tana da tsada, kuma takan rage wa wasu kayan ƙamshi da launi.

Ta biyu ita ce haska su da wani haske mai ratsa jiki, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hanyar, dokokin Amurka da na Tarayyar Turai ma sun yarda da ita a kan kayan yaji. Amma masu saye da dama, musamman a Turai, na ɗari-ɗari da duk abincin da aka rubuta cewa an haska shi.

Ta uku ita ce turara su da wata iska mai suna etilin oksaid, wadda ta fi arha. Amurka da Kanada sun yarda da ita bisa wasu ƙa'idoji, yayin da Tarayyar Turai ta haramta, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya ta a jerin abubuwan da ke haddasa cutar ga ɗan Adam.

Wannan saɓani ya jefa masu fitar da kaya cikin tsaka mai wuya. A watan Satumban 2020 ƙasar Beljiyam ta gano ɓurɓushin iskar a riɗin da aka shigo da shi daga Indiya, abin da ya kai ga janye dubban kayayyaki a faɗin Turai, daga biredi zuwa biskit.

A watan Afrilun 2024 kuma hukumomin Hong Kong suka dakatar da sayar da wasu nau'o'in garin yaji na kamfanonin MDH da Everest, manyan kamfanonin Indiya biyu, saboda wannan dalili, Singapore ma ta janye wani garin Everest. Kamfanonin sun dage cewa kayansu ba su da illa, amma sai da hukumar kayan yaji ta Indiya ta wajabta gwada duk kayan da za a aika waɗannan wurare biyu.

Ga Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa nomawa da fitar da kayan yaji, kuma ta samu fiye da dala biliyan huɗu daga cinikin a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, batun ya shafi abincin miliyoyin manoma.

Ke nan ɗan kasuwar da ya ƙi turara kayansa na iya gamuwa da fushin hukuma saboda salmonela, wanda ya turara da iskar kuma a mayar masa da kayansa saboda ɓurɓushinta.

Ko janyewa na maganin matsalar?

Janye kaya daga kasuwa mataki ne na ƙarshe, bayan duk sauran matakan sun gaza. Kafin a yi shela, wani ɓangare na kayan ya riga ya shiga ɗakunan girki, kuma tun da kayan yaji na daɗewa, gwangwanin da aka saya bara na iya kasancewa a kan kanta har yanzu, mai shi bai ma ji sanarwar ba.

Gwaji ma ba ya bayar da cikakken tabbaci. Ƙwayoyin cutar ba sa bazuwa daidai wa daida a cikin kaya, don haka ɗan abin da aka ɗiba aka kai ɗakin gwaji na iya fitowa lafiya alhali wani sashe na buhun ya gurɓata.

Wannan ne ya sa hankalin hukumomi ya karkata ga rigakafi. A watan Janairun 2011 Shugaba Barack Obama ya sanya hannu kan wata dokar da ta ba FDA ikon tilasta wa kamfani janye kayansa, ta kuma ɗora wa masu shigo da abinci alhakin tabbatar da cewa waɗanda suke saye a hannunsu a ƙetare na bin ƙa'idojin tsafta.

A 2013 kuma hukumar tsara ƙa'idojin abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Codex, ta kafa kwamiti na musamman kan kayan yaji, wanda Indiya ke jagoranta.

Duk da haka, yawan sanarwar janye kaya a wata ƙasa ba lallai ne ya nuna cewa abincinta ya fi na sauran ƙazanta ba. Sau da yawa yana nuna cewa akwai masu gwaji, akwai lambar da ke jikin kowane ƙunshi, akwai kuma takardun da za a bi a gano daga inda kayan suka fito da inda suka tafi. Ƙasashen Turai ma suna da wani tsarin gaggawa tun 1979, wanda ke ba kowace ƙasa damar sanar da sauran da zarar ta gano abinci mai haɗari.

Rabon manoman Afirka

Lamarin ya shafi Najeriya da maƙwabtanta ta fuskoki biyu, kuma ta farko ita ce kasuwa.

Najeriya na cikin manyan masu noman citta a duniya, musamman a kudancin jihar Kaduna, riɗi kuma, wanda ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai ake kuma hada-hadarsa a kasuwar Dawanau ta Kano, na cikin kayan gonar da suka fi kawo wa ƙasar kuɗin ƙetare.

Tarayyar Turai ta sanya riɗin Najeriya da na Sudan a jerin kayan da ake tsaurara wa bincike a kan iyaka saboda salmonela, kamar yadda ta yi wa baƙin masoron Brazil. Duk kwantenar da aka tsare ko aka mayar, asarar kan gangaro ne daga mai fitar da kaya zuwa dillali, ta ƙare a kan manomi ta hanyar faɗuwar farashi.

'Yan kasuwar Najeriya sun san ɗacin irin wannan mataki, domin a 2015 Tarayyar ta dakatar da shigar da waken ƙasar saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Yajin da ba shi da lamba

Fuska ta biyu ita ce ta cikin gida, wadda ba a cika magana a kai ba.

Ƙasar Hausa na daga cikin wuraren da aka fi cin yaji ɗanye. Ana barbaɗa shi a tsire da balangu bayan an sauke daga wuta, a ɗanwake da garau-garau da awara da gurasa, sannan ana daka wa mai jego nata na musamman. Wannan kuwa ita ce hanyar cin da masana suka fi nuna damuwa a kanta.

Duk wanda ya bi hanyoyin arewacin Najeriya da rani ya ga barkono da tattasai a shanye a gefen titi. Daga nan sai kasuwa, inda ake aunawa da mudu daga buɗaɗɗen buhu, sai kuma injin niƙa na unguwa, wanda ke karɓar kayan kowa.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, na yi wa kayan abincin da aka ƙulla rajista, takan kuma fitar da sanarwar gargaɗi kan kayan da aka janye a ƙasashen waje. Amma yajin da aka ƙulla a farar leda ba shi da sunan kamfani ko lamba ko kwanan wata. Idan ya kwantar da mutane a gidaje goma daban-daban, babu takardar da za a bi a gano cewa daga buhu ɗaya ya fito, balle a yi shelar janye shi. Yawanci za a ce ciwon ciki ne ko shawara, a sha magani a ci gaba da harka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutane miliyan 600 ne ke kamuwa da cututtuka daga gurɓataccen abinci a kowace shekara, dubu 420 kuma ke mutuwa. Yankin Afirka ne ya fi jin jiki idan aka kwatanta da yawan jama'arsa, inda mutane fiye da miliyan 91 ke kamuwa, kimanin dubu 137 ke rasuwa. Waɗannan alƙaluma sun haɗa dukkan nau'o'in abinci ne, amma suna nuna irin yanayin da ake ciki.

Babban mutum mai ƙoshin lafiya kan warke daga salmonela cikin kwanaki huɗu zuwa bakwai. Amma ga jarirai da tsofaffi, da yaran da ke fama da tamowa ko zazzaɓin cizon sauro ko amosanin jini, ƙwayar na iya ratsawa cikin jini ta yi kisa, kuma wannan nau'i mai tsanani ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara.

Matakan da ke rage haɗarin ba sa buƙatar manyan injuna. Shanya a kan tanfol mai tsafta ko a kan wani abu da aka ɗaga daga ƙasa, killace wurin daga kaji da awaki, adana buhuna nesa da danshi da ɓeraye, da tsaftace injin niƙa, duk suna cikin abin da ƙa'idojin Codex suka tanada. A gida kuma, soya ko gasa kayan sosai kafin a daka, da zuba yaji tun tukunya na kan wuta idan abincin na ƙananan yara ne ko marasa lafiya, na rage haɗarin matuƙa.

Babban ƙalubalen shi ne wanda zai biya kuɗin wannan ƙarin wahala. Muddin dillali zai sayi barkonon da aka shanya a kan tanfol da wanda aka shanya a kan kwalta a farashi ɗaya, da wuya manomi ya sauya hali. A Indiya, matsin lambar masu saye daga ƙetare da ƙarin farashin da suke biya ne suka sa manoman masoro da dama a jihar Kerala suka koma shanya a kan tanfol da daɓen siminti.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Najeriya da Nijar za su ɗauki irin wannan mataki, kuma ko gyaran zai tsaya ne a kan kayan da ake fitarwa Turai, ko zai kai ga mudun da ake aunawa a kasuwannin cikin gida.